Yadda ɗan sari zai auna amincin hanyar da kayansa ke bi

In ka tambayi ɗan kasuwa a Daura kwana nawa sukari ko fulawa ke yi kafin su iso masa daga kasuwar Singa ta Kano, zai ce kwana uku ko huɗu. Gaskiya ya faɗa, amma ba wannan lissafin ke riƙe shago ba. Abin da ke korar kwastoma shi ne satin da kayan suka yi kwana tara a hanya, sito ya bushe, mai siyen buhu goma ya tsallaka shagon maƙwabci. Awon aminci kenan: sau nawa a cikin ɗari kaya ke isowa a kan lokaci kuma a cike, kuma in sun makara, makarar ta kai ina.

Littafi ne farkon aiki. Kowace oda a rubuta ranar da aka yi ta, ranar da aka yi alkawari, ranar da aka sauke kaya, adadin da aka nema da wanda ya iso lafiya. In an samu matsala a rubuta dalilinta a taƙaice: babu kaya wurin dila, mota ta lalace, taransifa ta maƙale, ruwa ya jiƙa buhu. Oda tana cin maki ne kawai in ta cika sharuɗɗa biyu, lokaci da adadi. Buhu 95 a maimakon 100 faɗuwa ce, ko da sun iso da asubar ranar alkawari. Nan mutane ke yi wa kansu sassauci, lissafin ya lalace.

Idan oda ta kai 20, a jera kwanakin da kowace ta ɗauka daga ƙarami zuwa babba, a duba ta 19. A ce matsakaicinsu kwana 4 ne, amma ta 19 kwana 9. To 9 ɗin nan ita ce abin dogaro ga mai son kada kaya su yanke masa fiye da sau ɗaya a cikin ashirin. Mai sayar da buhu 40 a rana, in ya bi matsakaici zai sake oda idan sauran buhu 160 a sito. In ya bi ta 19, sai ya yi oda tun saura 360. Bambancin buhu 200 jari ne a kwance, ga ɓera, ga laimar damina, don haka ba kowane kaya ya cancanci wannan ba. A yi wa kayan da in babu su kwastoma ke juyawa gaba ɗaya. Kuma a raba littafin damina da na rani, a ware makonnin gabanin azumi da sallah, domin haɗa su wuri guda yana ɓoye lokacin da hanya ta fi ciwo.

Sai lissafin da na fi ganin ana kuskure a kansa. Kaya na bin matakai ne a jere, kuma amincinsu ninkawa ake yi, ba a ɗaukar matsakaici. A ce dila na da kaya sau 95 a cikin 100, mota na samuwa ta yi lodi a kan lokaci sau 90, hanya na ƙyalewa sau 95. Kowanne a kan kansa kamar ba laifi. Amma 0.95 sau 0.90 sau 0.95 ya ba da kusan 0.81, wato oda ɗaya a cikin biyar za ta samu tangarɗa. Duk hannun da aka ƙara a tsakani, ko ɗan kamasho ko sauke kaya a canza mota, yana rage wannan adadi. Gyara kuma ya fi riba a mataki mafi rauni: a wannan misali mota ce, ba dila ba.

Maganin da kowa ya sani shi ne kada a rataya a wuyan mutum ɗaya. Dila biyu, kowanne da aminci 0.90, damar su gaza a rana ɗaya ita ce 0.10 sau 0.10, sau ɗaya a ɗari. Sai dai wannan lissafi yana tsayawa ne in abin da ke kayar da ɗaya ba shi ke kayar da ɗayan ba. In dukansu daga kamfani ɗaya suke saro kaya, ko motocinsu duk ta Kazaure suke biyowa, ko direba ɗaya ke ɗauko maka daga wurinsu, to a baki ne kawai suke biyu. Da hanya ɗaya mai 0.95, amincin ya sauko daga 0.99 zuwa 0.94. Shi ya sa yake da kyau a zana taswirar hanyar da kayan ke bi a takarda, a tambayi kowane dila inda shi ma yake samo nasa, a zagaye duk wurin da layuka suka haɗu. Sau da yawa mahaɗar ba hanya ba ce ma, banki ɗaya ne ko layin waya ɗaya.

Akwai abubuwan da littafin oda 20 ba zai taɓa nuna su ba, kuma jihar Katsina ta gan su. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Jibiya. A 2023 aka yi ƙarancin takardun Naira, aka cire tallafin fetur a watan Mayu, sannan juyin mulkin Nijar na Yuli ya sake rufe iyaka. Neman kason faruwar irin waɗannan ɓata lokaci ne. Hanyar da Farfesa David Simchi-Levi na jami'ar MIT ta Amurka ya gwada da kamfanin motoci na Ford ta fi dacewa: a ɗauki kowace mahaɗa a ƙaddara ta mutu yau, ko mene ne dalili, a amsa tambaya biyu. Kwana nawa zan ci gaba da sayarwa ba tare da ita ba? Kwana nawa zai ɗauka kafin ta dawo ko in samu madadinta?

Mai buhu 240 a sito da cinikin 40 a rana kwana 6 zai jure. In samo sabon dila a Katsina, da yarda da juna, da neman motar da za ta biyo ta Mashi zai ci kwana 10, akwai ramin kwana 4, buhu 160 na ciniki. Ana cike shi ko dai da ƙarin ajiya, ko da rage kwana goman nan. Na biyun ya fi araha: a riƙa ba dilan na Katsina ƙaramar oda, ko buhu 20 ne a wata, a rubuta kwanakinsa a littafi ɗaya da na Kano.