Taswirar zazzaɓin cizon sauro, daga Garwa

Da na fara ganin taswirar da ke nuna yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a duniya, abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda launi mai duhu ya taru a tsakiyar Afirka, daga Najeriya zuwa Kwango, alhali Turai da mafi yawan Asiya sun kasance fes. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 263 ne suka kamu a shekarar 2023, kuma kashi 94 cikin 100 na wannan adadi a Afirka suke.

Sai dai taswirar duniya tana shafe bambancin da mu mazauna Arewacin Kamaru muka sani sarai. A kudu, inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, cutar ba ta hutu, amma a nan Garwa da Marwa tana tsananta ne da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da kududdufai suka cika kuma kogin Binuwai ya yi ambaliya. Saboda haka ne ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a wannan lokaci. A ganina, taswira mai amfani ita ce wadda ta sauko har matakin gunduma, ta bambanta garin da ke kusa da fadamun shinkafa na Yagwa da wanda ke kan duwatsun Mandara, domin da ita ce za a san inda za a fara kai gidan sauro.