Daga Jos zuwa Abuja saboda sugan Yaya

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya ni da Yaya, ga sanyin Jos ɗin nan mai ratsa ƙashi. Shekara tara kenan yana fama da ciwon suga, ya sha metformin har ya gaji aka ƙara masa allurar insulin, amma gwajin HbA1c ɗinsa, mai nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, ya ƙi sauka daga 9. Likitansa ne ya ce mu je Abuja mu ga likitan tiyata. Ni dai wallahi raina bai kwanta ba, suga kuma a yi masa tiyata?

Muna gangara Hawan Kibo hazo ya rufe ko'ina, direba na lallaɓawa saboda tireloli, Yaya ya ciro ɗan injinsa ya soki yatsa zai gwada, nan na lura kan yatsunsa duk sun yi baƙi da tabon tsira, abin ya tsaya min a rai. A Akwanga ya sha shayi ba suga da ƙwai biyu yana kallon masu cin soyayyar doya. Muka wuce Keffi, cunkoson Mararaba da Nyanya ya cinye mana awa guda.

Likitan ya auna shi, kilo 92, tsayi mita 1.70, ya ce BMI ɗinsa, wato awon ƙiba da ake haɗa nauyi da tsayi, ya kusa 32. Na ce likita ai Yaya ba wani mai ƙiba ba ne, 'yar teɓa ce kawai. Ya ce ai tun 2016 manyan ƙungiyoyin ciwon suga na duniya suka yarda a duba tiyata ga mai suga nau'i na biyu da BMI ɗinsa ke tsakanin 30 da 34.9 in magani ya gaza. Sai ya jawo takarda ya zana mana tiyatar iri biyu. Ɗaya sunanta sleeve, a yanke kusan kashi 80 na tumbi ya koma siriri kamar ayaba. Ɗayar bypass, a ware 'yar jaka kamar ƙwai a saman tumbin a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Duk ta ƙananan huji ake yi da kyamara, ba a farka ciki.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne wai sugan kan fara sauka cikin 'yan kwanaki tun mutum bai rame ba, saboda hanji na ƙara fitar da wani sinadari GLP-1 mai zaburar da insulin ɗin jiki. Amma mutumin nan bai yi mana daɗin baki ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya ce a wani bincike a Cleveland ta Amurka kan mutum 150, bayan shekara biyar kashi 29 na masu bypass ne sugansu ya daidaita sosai, masu sleeve kashi 23, masu magani kaɗai kashi 5. Wasu sugan kan dawo musu daga baya, kuma bitamin B12 da maganin ƙarin jini sai dai a yi ta sha har ƙarshen rayuwa, makonnin farko ma abu mai ruwa-ruwa kawai.

Yaya ya ce, likita tuwo fa? Ya ce Alhaji za ka ci, amma malmala guda ta fi ƙarfinka.

A hanyar dawowa bai ce uffan ba, takardar zanen nan na ninke a aljihun gabansa yana ta shafa ta. Sai da muka fara hawa Kibo da magariba ya ce, ƙanena kira Hajiya ka ce mun kusa, jibi ka raka ni in yi gwaje-gwajen da ya rubuta.