Tambayar da likita ya yi wa Kawu

Kawuna ya shafe fiye da shekara talatin yana cin abinci daga ƙasa da dutse a yankin Bukuru. Ya fara da haƙar kuza tun yana saurayi, kuma da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, sai ya koma wurin fasa dutse, inda aka tsayar da shi a bakin injin da ke niƙa manyan duwatsu su zama tsakuwar gini. Idan ya dawo gida da yamma, girarsa da gemunsa da gashin hancinsa duk sun yi fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa, mu kuwa a lokacin muna yara dariya kawai muke yi masa, shi ma ya taya mu, ya kurkure baki, ya sha madarar gwangwani, wadda ma'aikatan wurin suka yi imani tana wanke ƙura daga ƙirji.

Shekara huɗu da suka wuce tari ya kama shi, aka gwada kakinsa aka sami tarin fuka, ya sha magani na wata shida ba tare da fashi ba, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta tafi. Amma numfashi bai dawo ba. Mutumin da ke ɗaukar guduma mai nauyi tun asuba ya zama sai ya tsaya sau biyu yana haki kafin ya kai masallacin unguwa. A hunturun bara jikin ya tsananta, aka kwantar da shi a wani asibiti a nan Jos, ni kuma na zauna jinyarsa mako biyu. A rana ta uku wani matashin likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya haska shi a jikin taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce, "Baba, wace sana'a kuka yi a rayuwarku?" Kawu ya ce, "Kuza da dutse, ɗana." Likitan ya kira ni ya nuna mini ƙananan ɗigo-ɗigo farare da suka cika saman huhun biyu, kamar an watsa gero a kan baƙin tire, ya ce sunan wannan cuta silikosis.

Abin da na fahimta daga bayaninsa da kuma karatun da na yi daga baya shi ne, ƙurar da muke gani a gemun Kawu ba ita ce mai ɓarna ba, domin hanci da maƙogwaro suna tare mai kauri su fitar da ita. Mai ɓarnar ita ce wadda ido ba ya gani, ɓarɓashin sinadarin silika da ke cikin yashi da dutse irin na tsaunukan Filato, wanda saboda ƙanƙantarsa yake wucewa har can ƙarshen huhu, inda iska ke shiga jini. A can akwai ƙwayoyin halitta masu aikin shara, waɗanda ke haɗiye duk wani baƙon abu su narkar da shi. Suna haɗiye silika, amma dutse ba ya narkewa, sai ya kashe su, ya fito, wasu su sake haɗiye shi, su ma su mutu, kuma duk lokacin da haka ta faru jiki yana tayar da kumburi yana barin tabo. Tabon nan ne yake taruwa shekara da shekaru har huhu ya yi tauri ya kasa buɗewa. Shi ya sa cutar kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta bayyana, shi ya sa kuma take iya ci gaba ko da mutum ya daɗe da barin aikin. Tun da ƙwayoyin sharar nan su ne kuma ke yaƙi da tarin fuka, mai silikosis ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da shi kusan ninki uku. Har yau babu maganin da ke goge tabon, madara kuwa ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsufan wannan ilimi. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. A farkon shekarun 1930 ɗaruruwan leburori sun mutu da silikosis bayan haƙa wata hanyar ruwa ta ƙarƙashin dutse a Hawks Nest, a jihar West Virginia ta Amurka, domin an sa su huda dutsen a bushe. A Afirka ta Kudu, masu haƙar zinariya sun kai kamfanoni ƙara, aka sasanta a 2018 kan diyyar rand biliyan 5. A 2024 Ostireliya ta haramta dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin, saboda matasan da ke yanka shi suna kamuwa da cutar cikin 'yan shekaru. Mu kuwa da muka haura shekara ɗari ana haƙar ma'adinai a ƙasarmu, daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, duk wanda ya tsufa da ciwon ƙirji cewa muke yi tari ne, ko sanyin Jos ne ya kama shi. Ni a ganina wannan sakaci ne na mu duka, ba na likitoci kaɗai ba, domin mu da muka san sana'ar Kawu ba mu taɓa tunanin ta cancanci a faɗa wa likita ba.

A barandar asibitin, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma da dare, na saba da wata dattijuwa da ta kawo 'yarta mai cikin fari. Ta ce ƙafafun yarinyar sun kumbura, suka ce ai haka ciki yake, ta yi kukan ciwon kai da ganin duhu-duhu, aka jiƙa mata rubutu, sai da ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe aka nemo mota. Na ce, "Inna, ta je awo kuwa?" Ta ce sau ɗaya, tun cikin yana ƙarami. Wannan ciwon na jijjigar masu ciki, kamar na Kawu, ya daɗe yana aiki a ɓoye kafin a ga jijjigar. Bincike ya nuna tushensa yana cikin mabiyiya: idan jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke lalata bangon jijiyoyin uwar, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, yawanci bayan mako na 20. A 2003 masu bincike a Boston suka gano rawar da ɗaya daga cikin sinadaran nan, mai suna sFlt-1, yake takawa. Kafin nan, a 2002, an fitar da sakamakon wani babban gwajin magani mai suna Magpie, wanda ya haɗa mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya kuma tabbatar da cewa allurar magnesium sulphate, mai arha ƙwarai, tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Ita aka yi wa 'yar dattijuwar, aka ciro jaririn, dukansu suka rayu. Abin da zai iya tona asirin ciwon makonni kafin faɗuwar kuwa bai wuce awon jini da ya kai 140/90 da ɗan tsinken gwajin fitsari ba.

A wurin awon ne kuma ake yi wa mai ciki allurar da ke kare ta da jaririnta daga tetanus, ciwon da ke sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda kan shiga ta cibiya idan an yanke ta da abu marar tsabta.   

Da aka sallami Kawu, likitan ya ce ya guji hayaƙin itace da taba, ya dawo da zarar ya ga zazzaɓi ko rama, sannan ya tambaya ko akwai wani a gidan da ke irin wannan aiki. Akwai babban ɗansa, wanda ya gaji wurinsa a bakin injin shekara bakwai ke nan. Na je na same shi a wurin aikin, na tarar ya ɗaure hanci da tsohuwar hular sanyi, wadda ba ta tare siririyar ƙura. Na ba shi takunkumin N95, irin mai tace siririyar ƙura, guda goma, na gaya masa cewa abin da ya fi takunkumi shi ne a riƙa fesa ruwa a bakin injin don ƙurar ta kwanta tun kafin ta tashi. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Yaya, tankar ruwa kuɗi ce, kuma mai wurin ya ce jiƙaƙƙiyar tsakuwa tana toshe rariya." Ya karɓi takunkuman ya sa a aljihu, ya yi alkawarin zuwa ɗaukar hoton ƙirji bayan Sallah, sai aka tayar da injin, na daina jin abin da yake faɗa.