Yadda Na Fara Tuƙa Jirgi Mai Igiya a Sakkwato

Duk wanda ya tsaya kallonmu a fili, tambayarsa ta farko ɗaya ce: ina rimot ɗin? Babu rimot. Jirgin ɗan ƙarami ne, faɗin fiffikensa bai wuce santimita 60 ba, yana da injinsa da farfelarsa, amma a ɗaure yake da igiyoyi biyu sirara da suka miƙo har hannun matuƙi. Matuƙin yana tsaye a tsakiya, jirgin yana kewaya shi, shi kuma yana juyawa yana bin sa. Ka ɗaga hannu jirgi ya yi sama, ka sauke ya yi ƙasa. Iyakar ikonka ke nan, kuma da wannan ɗan ikon ne gwanaye suke sa jirgi ya yi alkafura, ya tashi a rigingine, ya zana takwas a sararin sama.

Ni tun ina yaro nake haɗa jirgin kara da motar langa-langa, burina kullum in ga abin da na haɗa da hannuna ya bar ƙasa. Da na girma na tambayi kuɗin jirgi mai rimot, sai na ga ba na aljihuna ba ne. A YouTube na fara cin karo da mai igiya. Da na nuna wa wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin makarantar koyon sana'a, sai ya yi murmushi ya ce ai ya taɓa riƙe irinsa yana saurayi. Shi ya zaunar da ni ya zana mini yadda abin yake aiki a bayan wata tsohuwar kalanda.

Sirrin duk yana ga wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ake kafawa a tsakiyar fiffike, ya riƙa juyawa a kan ƙusa ɗaya. Igiyoyin nan biyu kowace tana kama kusurwa guda. Kusurwa ta uku kuma tana riƙe da siririn sanda da ya tafi har jela, inda akwai faifai mai lilo. Ka ja igiyar sama, majuyin ya karkata, sandan ya tura faifan jela sama, hancin jirgi ya ɗaga. Ka ja ta ƙasa a sami akasin haka. Wannan dabarar ta girmi iyayenmu. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker, daga birnin Fotland a jihar Oregon, shi ya yaɗa ta da jirginsa Fireball a 1940, ko da yake wani ɗan jiharsu, Oba St. Clair, ya riga shi tashin jirgi da igiya da 'yan shekaru. Bayan haka kamfanin Cox ya cika duniya da ƙaramin injinsa mai lamba .049, wanda girman cikinsa bai kai sisi ɗaya ba (wato cc, ma'aunin girman inji), kuma yara da yawa a Amurka da Turai da shi suka koyi tuƙi.

Irin wannan injin ba fetur yake sha ba. Mansa haɗin metanol ne da man zurma da ɗan nitrometan, kuma ban ga mai sayar da shi a garin nan ba. Don haka na zaɓi injin lantarki, irin wanda ake sa wa jirage marasa matuƙi, da batirinsa da ɗan agogon da ke kashe shi idan lokacin da ka tsara ya cika. Waɗannan ta intanet na yi odarsu. Sauran kuwa duk a Sakkwato na same su. Katakon balsa da Turawa suke amfani da shi ba a samun sa nan, kuma ko ana samu ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba, domin faɗuwa ɗaya take raba shi gida goma. Da allon talla na roba na yi fiffike, irin mai ramuka a ciki da ake buga hoton 'yan takara. Yana lanƙwasa, ya dawo, a kakkaɓe ƙura a sake tashi. Jikin jirgin siririn katako ne daga wurin kafinta, sandan jela silin keke ne, majuyin kuma wani maƙeri ya yanka mini daga guntun alminiyam.

Akwai abubuwa uku da Malam ya nace a kansu wajen haɗawa, kuma sai daga baya na gane duk manufarsu guda ce. A ƙarshen fiffiken waje, wato wanda ba ya fuskantar matuƙi, aka manna noti guda don ya rama nauyin igiyoyin da ke rataye a ɗaya ɓangaren. Tsayayyen faifan jela aka ɗan karkata shi waje. Injin ma aka ɗan kautar da hancinsa waje. Duk don jirgin ya riƙa neman gudu daga gare ka ne, igiya ta zauna a miƙe. Sai daidaita nauyi: ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike daga gaba, ya tsaya daidai ko hancinsa ya ɗan rinjaya. Jirgi mai nauyin hanci yana da sanyin hali. Mai nauyin jela kuwa ko gwani sai ya sha wuya da shi.

Batun igiya ya cancanci a tsaya a kansa. Zaren fatsa na roba da masunta suke amfani da shi yana da arha, amma yana talewa, ka ja a nan jirgi bai ji ba sai can an jima. Wanda ya yi mini aiki shi ne saƙaƙƙen zaren kamun kifi wanda ba ya miƙewa. Ga ƙaramin jirgi irin nawa mita 10 zuwa 11 ya isa. Manyan jirage masu inji mai sisi shida suna tashi da wayar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 18. Dole igiyoyin biyu su zo daidai, ta yadda idan mariƙi, wato abin da igiyoyin suke ɗaure a jikinsa, yana tsaye a hannunka faifan jela yana kwance sak. Na shafa jan fenti a saman mariƙin don kada a riƙe shi a juye, na kuma sa masa madauki da ke shiga wuyan hannu, saboda ko ya suɓuce kada jirgi ya tafi da igiya cikin mutane. Kafin kowane tashi ɗan yayata yana riƙe jirgin, ni in ja da ƙarfi, mu tabbatar babu ƙullin da zai kwance.

Wannan wasa ba a yin sa mutum ɗaya. Ƙasarmu yashi ce, ƙananan tayoyi nutsewa suke yi, ga ƙarangiya da tsidau da ke kama igiya idan ta ja ƙasa. Saboda haka muka bar tayoyi, yaron ne yake cilla jirgin da hannu: ya riƙe shi a kwance, ya jira in ɗaga hannun hagu, ya tura shi gaba a hankali, ba sama ba, sannan ya fice daga da'irar da gudu.

Tashin farko Malam ne ya tsaya a bayana ya dafa hannuna a kan mariƙi. Ya ce, "Ɗana, miƙe hannu ka ƙame wuyan hannunka. Nuna wa jirgi inda kaka so shi tahi da hannu gaba ɗai." Wannan ita ce shawara mafi amfani da na samu. Sabon shiga wuyan hannu yake karyawa, jirgi ya yi sama da ƙarfi, ya tsorata ya danna ƙasa, jirgi ya soki ƙasa. Idan kuwa kafaɗa ce take aiki, hannu a miƙe kamar kana nuna wani abu a nesa, jirgin da kansa yake bin inda ka nuna ya daidaita. Mariƙin nan tamkar linzamin doki mai laushin baki ne, ɗan taɓi ya ishe shi. Mun ma matso da igiyoyin biyu kusa da juna a jikin mariƙi don a rage masa saurin ji.

Sai jiri. Jirgi a kan igiya mai mita 11 yana zagaye da'irar da ta kusa mita 70 a cikin daƙiƙa huɗu ko ƙasa da haka, wato yana gudun da ya haura kilomita 60 a awa, kai kuma kana juyi tare da shi. Minti ɗaya ya isa ya sa ƙasa ta riƙa yawo da kai. Maganinsa shi ne ka kafe jirgin da ido, ka manta da itatuwa da gidajen da ke wucewa a bayansa, ka riƙa taka ƙafa a hankali maimakon murɗa jiki. Mun saita agogon inji ya kashe kafin minti ɗaya a farkon koyo, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Jiki yana sabawa, yanzu sai in yi minti huɗu in sauka garau.

Amma babban malamina a wannan harka iska ce. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, kuma da hantsi ya ɗaga sai ta ƙara ƙarfi. A zagaye ɗaya jirgi yana haɗuwa da ita ta fuska huɗu. Idan yana gabanka iska tana bayanka, tura shi take waje, igiya ta yi tsauri, komai lafiya. Yana juyowa ya fuskance ta sai ya nemi hawa sama da kansa. Idan ya kai ɓangaren da iskar take fitowa, sai ta turo shi ciki wajenka. A nan ne igiya take saki, kuma da zarar ta saki ba ka da sauran iko, ko me ka yi da mariƙi jirgi bai san kana yi ba. Daga nan ya bi iska, ya ƙara gudu yana neman ƙasa. Faɗuwar da jirgina ya yi mafi muni a wannan ɓangaren ta faru, wata safiya da iska ta taso ba zato: ya hau sama, igiya ta yi lako-lako, ya rufto cikin da'ira, farfela ta karye. Ɗan yayata yana ta kiran "Kawu, ja baya! Ja baya!" kuma gaskiyarsa ne. Idan igiya ta saki, ƙafa ce magani. Ka ja da baya da sauri har ka ji nauyin jirgi ya dawo hannunka.

Tun daga ranar nake ɗibar ƙasa in watsa sama kafin mu shimfiɗa igiya. In juya wa iska baya, yaron ya tsaya da jirgi a gabana, ta yadda tashin farko iska tana taimakon igiya. A ɓangaren da iska take fitowa ina riƙe jirgi ƙasa-ƙasa, bai wuce tsayin mutum biyu ba. Duk wani wasa da zan gwada, hawa ne ko alkafura, sai iska tana bayana. Lokacin da ya fi mana daɗi shi ne bayan sallar asuba zuwa fitowar rana sosai, sai kuma dab da magariba. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, guguwa tana tashi da rana tsaka, kuma batirin nan ba ya son zafi ko kaɗan: a inuwa nake ajiye shi, ba na barin sa cikin mota ko akwatin babur, kuma sai ya huce nake sa shi caji. Da damina idan hadari ya haɗo naɗe igiya muke yi nan take. Ƙurar hunturu ma tana shiga inji, shi ya sa nake bi da buroshi bayan kowane fita.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa, wayar lantarki. Masu tashi da wayar ƙarfe sun rasa rayukansu a wasu ƙasashe saboda igiya ta taɓa wayar wuta. Ko da zare nake tashi ba na kusantar turakun lantarki. Filin da muke zuwa a bayan gari yake, nesa da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da duk wani wurin jami'an tsaro. A halin da yankinmu yake ciki, duk abin da ke shawagi yana jan ido, kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izini. Kafin mu fara sai da na je na gaida mai unguwar wurin, na nuna masa jirgin da igiyarsa, ya ga babu kyamara kuma ba ya wuce tsawon zarensa. Ya sa mana albarka, ya ce mu kula da yara da dabbobi. Yaran kuwa su ne aiki, domin da sun ji ƙarar farfela sai su yo ca. Muna zana da'ira a ƙasa da sanda, mu ɗora manyan cikinsu a kan tsaron layi, ladarsu kuma kowa ya riƙe mariƙi zagaye biyu hannuna a kan nasa.

Wasu suna ganin abin wasan yara ne. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, tana shirya gasar duniya a kansa a rukunin F2. Akwai tseren gudu, inda jirgi mai inji sisi biyu da rabi yake kai wa kilomita 300 a awa. Akwai gasar gwaninta. Akwai tseren ƙungiya, matuƙa uku a da'ira ɗaya suna zagaye 100 da tankin mai sisi 7 kacal. Akwai kuma wadda ta fi burge ni, ta faɗa, inda mutum biyu suke tashi tare kowa yana ƙoƙarin yanke ƙyallen takarda da ke jelar jirgin ɗan'uwansa da farfela.

Ni dai yanzu ina kan alkafura ta ciki, wadda ake yi da ɗaga hancin jirgi sama. Kowace alkafura tana murɗe igiyoyin biyu sau ɗaya, don haka bayan 'yan kaɗan sai an sauka an warware, har zuwa lokacin da zan iya ta waje, wadda ake yi da danna hanci ƙasa, ita ce take warware su a sama. Mun fara yanka fiffiken jirgi na biyu mai faɗin mita ɗaya, wanda zai tashi da igiya mai mita 18, kuma shi yana buƙatar fili mai faɗin mita 50 ba itace ba turke. Muna jiran a gama girbi mu nemi aron gona a wajen Kwannawa, mu tuge kututturan kara kafin mu gwada shi.