Godiya: An Ba Mu Lokaci a MeerKAT

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar saƙon ya iso: kwamitin tantancewa ya amince da buƙatarmu, za a ba mu awoyin da muka nema a na'urar MeerKAT. Sai da na yi sujjada kafin na kira gida.

Ga masu tambaya, MeerKAT manyan faya-faye ne 64 masu sauraren igiyoyin rediyo daga sama, a ƙeƙasasshen dajin Karoo na Afirka ta Kudu, kusa da garin Carnarvon. A 2018 aka ƙaddamar da ita. Masu nema daga ko'ina cikin duniya suke, awoyin shekara kuwa ba sa ƙaruwa. Dole ka rubuta abin da za ka duba, da dalilin da ya sa sai wannan na'ura, da lissafin kowace awa.

Lissafin nan shi ya hana ni barci. Iskar haidirojin muke bi a cikin garken taurari masu nisa, mai fitar da igiya mai tsawon santimita 21. Muryarta ƙasa-ƙasa take ainun. In kana son jin wadda ta fi rauni sau biyu, sai ka ninka lokacin saurare sau huɗu, ga shi fili mai faɗi muke son sharewa. Malamina ya mayar mini da wannan shafi har na daina ƙirgawa. Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Jan biron nan naka ne ya kai mu.

Abokan aikina da muka kwana kan kwamfuta daren rufe karɓar takardu, na gode. Uwargida, ke kika riƙe gida da yara watannin nan ba ƙorafi, Allah Ya bar zumunci.

Inna ta tambaye ni ko yanzu zan sa ido in ga Zara kusa-kusa. Na ce mata ba a leƙawa, ko wurin ma ba zan je ba. Can ko wayar hannu ba a kunnawa don kada ta dame sauraren, bayanai ne za su same ni a kwamfuta. Ta ce to Allah Ya sa a ji alheri. Inna, ke kika fara nuna mini Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gida, addu'arki ce ke bi na.

Yanzu jiran jadawali muke. 'Yan uwa, a ci gaba da sa mu a addu'a.