Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tambayar da Mma Ta Yi Bayan Jana'izar Yaya

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar Yaya, bayan motar da yake wa aiki ta kife a hanyar Techiman. Sati uku gawarsa ta yi a asibiti, kamar yadda ake yi a nan Kumasi, kafin aka binne shi wata ranar Asabar.

Da dare 'yan ta'aziyya sun watse daga gidanmu na Aboabo, an jera kujerun roba a gefen katanga. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suka wuni suna taya mu dafa waakye, su ma sun tafi. Saura mu huɗu a tsakar gida: ni, da Mma, da Kawu, da Goggo. Sai Mma ta dubi Kawu ta ce, "Malam, kai ne ka yi karatu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, yaron nan yana ina?"

Tambayar tana da dalili. Yaya ya karɓi baftisma yana ɗan shekara 16, kuma shi ke jan waƙoƙin Hausa a majami'armu. Idan ya ɗaga murya, tsofaffin mata sukan share hawaye da bakin gyale. Daga baya ya shiga aikin tasha a Kejetia, ya haɗu da apeteshi, barasar gargajiya mai ƙarfi. Shekara 6 bai taka ƙofar coci ba. Da dattawa suka je masa, cewa ya yi su ƙyale shi, shi ya gama da wannan.

Kawu malamin cocin Presby (wato Presbyterian) ne, Goggo kuwa 'yar Methodist ce ta gani-kashe-ni. Majami'un da suke zuwa, ta Ramseyer da ta Wesley, duk a Adum suke, ba wata tazara. Amma a wannan magana, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kawu ya sa na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba, fassarar Hausa ta 1932 da ya taho da ita daga Wusasa, bangonta ɗaure da zare. Ya buɗe Yohanna sura 10, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Ya ƙara da ƙarshen Romawa 8, inda aka ce ba abin da zai raba mu da ƙaunar Allah. Ya ce ceto kyauta ce, ba lada ba, kuma Allah ba ya ba da kyauta ya dawo ya karɓe.

Goggo ta gyara zama. Ta ce, "Malam, kada ka shafa mata zuma a baki. Ibraniyawa 6 fa? Ba waɗanda suka ɗanɗana baiwar sama ake nufi ba, suka kuma ja da baya? Bitrus ma ya yi maganar karen da ya koma wa amansa."

Sai bayan shekaru na gano cewa gardamar ta girmi kakanninmu. Mabiyan malaman Kirista biyu, Kalbin (masu irin ra'ayin Kawu) da Arminiyus (masu irin ra'ayin Goggo), sun yi ta a taron Dort, a ƙasar Holan, daga 1618 zuwa 1619, kuma ɓangaren Kalbin ne ya yi rinjaye. Wesley kuwa, wanda ya kafa Methodist, ya bi ra'ayin cewa mai bi yana iya fāɗuwa. Amma a daren nan ni dai kallon fuskar Mma kawai nake yi.

Kawu ya ji an taɓa shi, sai ya jawo 1 Yohanna 2:19, wadda ke cewa waɗanda suka fita, da ma can ba namu ba ne. Ya ce na Allah na gaske ko ya yi nisa zai dawo, wanda bai dawo ba kuwa tun farko bai samu ceton ba. Bai rufe baki ba ya gane abin da ya yi. Mma ta ce a hankali, "Wato waƙoƙin nan duka ƙarya yake yi ke nan?" Kawu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya kasa ɗagowa. Har yau ina ganin bai kyauta ba, ko da yake na san ba da mugun nufi ya faɗa ba.

Abin mamaki, Goggon da muke wa kallon mai tsanani ita ce ta matsa ta riƙe hannun Mma. Ta ce bangaskiyar yaron gaskiya ce, fāɗuwarsa ma gaskiya ce, amma wanda ya fita da ƙafarsa yana iya dawowa da ƙafarsa, ko da numfashi ɗaya ya rage masa. Ta tuna mata ɓarawon da ke kan gicciye. Ta ce, "Lokacin da ya cika, ni ba na wurin, ke ma ba kya wurin."

Mma ta yi shiru har ladanin unguwa ya yi kiran assalatu. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce mini, "Direban yana nan da rai, ko? An ce kusa da shi Yayanka ya cika. Gobe za ka kai ni asibitin."