Harsashi giren 200 da kuɗin da na ƙona kafin in gane

Akwai kwali uku na kan harsashi giren 200 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) a ƙasan kabad ɗina, sun fi shekara suna kallona ina kallonsu, duk ranar da na buɗe kabad ɗin sai inji kamar dariya suke min. Labarinsu zan bayar yau, tunda wasu sun dame ni da tambaya wai me nake yi a daji duk ranar Asabar da tabarma da jaka.

Wasan harbin nesa nake yi a Bisley, can cikin Surrey kudu da Landan, filin da ƙungiyar harbi ta Ingila ta koma tun 1890 bayan ta baro Wimbledon. Kafin kowa ya tayar da hankalinsa, takarda muke harbi, takarda kawai. Ranar da na faɗa wa Hajiya a waya shiru tayi sannan tace "Kai yanzu duk wasannin duniya ka rasa wanda zaka yi sai bindiga?" Nace Hajiya ki kwantar da hankalinki, sai da nayi watanni ina gwaji a kulob, ƴan sanda suka zo har gida suka duba akwatin ƙarfen da zan ajiye ta kafin su ban lasisi. Tace to Allah ya tsare. Ban ga laifinta ba wallahi, a gida in ka ji ƙarar bindiga yanzu ba alheri bane.

Rukunin da nake ciki sunansa F-TR. Wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, shi ya kawo tsarin da idonsa ya fara rauni, yace a bar tsofaffi su sa madubin hange su ɗora bindiga a kan wani abu, shi yasa harafin F. A namu ɓangaren dokar ta matse sosai, girman harsashi .308 Winchester ko .223 Remington kawai, bindiga da madubi da ƴar gwafar da take tsayawa a kai duka kada su wuce kilo 8.25. Kana kwance rub da ciki a yadi 1000, da'irar tsakiya da ake kira V faɗinta inci 5 ne, ta maki biyar inci 10. Inci biyar fa, a nisan da ya haura mita 900.

To tunda kwanso, wato ɓawon da ake zuba albarushi a ciki, iri ɗaya kusan kowa yake amfani dashi, duk gardamar ta koma kan harsashin da zaka ɗora a bakinsa da yadda zaka cika shi a gida. Da giren 155 na fara, wanda ƴan gasar Palma suke harbawa, wajen giram 10 kenan. Yana da gudu, daga dogon bututu yana kusan ƙafa 3000 a daƙiƙa, baya dukan kafaɗa, amma iskar Stickledown, filin harbin nesa na Bisley, bata jin kunyarsa ko kaɗan. Kuma a Ingila ba kamar Amurka bane da zaka kwanta ka zazzage harbinka a jere kafin iska ta juya, nan ku biyu ne a allo ɗaya kuna karɓa-karɓa, kafin abokinka ya harba a sauke allo a ɗago tutocin sun riga sun canza ra'ayi. Na sa lissafi a manhajar wayata, ta nuna min in na kuskure iskar gefe da mil ɗaya a awa, 155 zai kauce kusan inci tara, giren 200 kuma bakwai da ɗan wani abu duk da ya fito a hankali. Dalili shine mai nauyin dogo ne siriri, baya saurin zubar da gudunsa a hanya. A kwalin Berger, kamfanin da ke yin harsashin, zaka ga lambar da suke kira G7, mai nuna yadda harsashi ke yanka iska, babba ta fi, ta 155.5 ɗinsu 0.237 ce, ta 200.20X kuma 0.328. Ina ganin haka nace shikenan na samo maganin iska, na sayi 500 a tashi ɗaya ko tambayar kowa banyi ba.

Abin da ban duba ba shine murɗin cikin bututuna. Akwai layuka a ciki da suke juya harsashi kamar katantanwa don ya tafi da kansa a gaba, nawa juyi ɗaya ne a inci 12, ya ishi 155 har ya yi rara, amma dogon harsashi yana son murɗi mai sauri, ɗaya a inci 10. Kuma tsawon ne yake jawo hakan fiye da nauyin, wannan sai daga baya na gane. Na gwada a yadi 100 wata safiya mai sanyi, harbin ya warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba, wasu ramukan ma ba zagaye suka fito ba sun ɗan yi tsawo. Wani dattijo a kulob ɗinmu da ya fi shekara talatin a filin ya kalli takardar, ya tambaye ni murɗin, na faɗa masa, ya girgiza kai yace in sa tsawon harsashin a lissafin Miller, wanda ke nuna ko murɗin ya ishi harsashin, in gani. Ana son lambar ta kai 1.5, tawa da ƙyar ta haura 1.

Matsala ta biyu maƙogwaro ce, wato ɗan filin da ke gaban ɗakin kwanso kafin layukan su fara. Nawa gajere ne, an yanka shi don gajeren harsashi, to dole na tura dogon ya nutse cikin kwanso, ya cinye wurin albarushi, kuma matsi yana tashi da wuri. Nan ne wajen da ba a wasa. Awon albarushin da ka saba da shi a 155 in ka kuskura ka zuba shi ƙarƙashin 200 kana neman rasa ido ne ko yatsu. Ba zan rubuta awona a nan ba kuma dan Allah kada ka kwafi na wani a Facebook, littafin kamfanin albarushin zaka buɗe ka fara daga mafi ƙanƙanta kana hawa kaɗan-kaɗan, kana duba gindin kwanso, in ka ga tabo mai sheƙi ko firaima, ƴar hular da ke kunna albarushi, ta baje ko hannun bindigar yayi tauri wajen ɗagawa to ka riga ka wuce gona da iri, ka koma baya.

Haka na haƙura na kai wa maƙeri ya sa min sabon bututu inci 30, murɗi ɗaya a 10, maƙogwaro dogo. Kuɗin kam kada ku tambaya, uwargida ma rabi na faɗa mata. Albarushi kuma Vihtavuori N150 na Finlan nake sawa, don Varget ɗin da Amurkawa suke ta yabo dokar sinadarai ta Turai ta tare masa hanya a 2018. Kwanso na Lapua ne mai ƙaramar firaima.

Aikin cikawar shi nafi so a duk harkar, gaskiya har ya fi min harbin daɗi. Bayan isha'i yara sun kwanta, in rufe ƙofa, ba waya ba rediyo, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur don kada a samu ruɗani, ina auna kowane ɗaya a sikeli har sai in ƙara ƙwaya ɗaya da ɗan hantsaki. Wani zai ce ƙaƙale ne, amma bambancin gudu na ƙafa 20 a daƙiƙa tsakanin harbi biyu yana iya zama inci biyar ko shida sama ko ƙasa a yadi 1000, ka ga V ta tafi kenan alhali kai baka yi laifin komai ba. Shi yasa na sayi ƴar na'urar Garmin mai auna gudu. Abin da ya fi gyara min lambobin ma ba sikelin bane, daidaita yadda wuyan kwanso yake riƙe harsashi ne, kowanne ya riƙe da ƙarfi ɗaya. Tazarar harsashi da layuka kuma ban wahala a kanta ba, irin harsashin Hybrid ɗin da injiniya Bryan Litz ya zana wa Berger basu da tsirfa sosai a nan.

Sai nazo filin da giren 200 ɗina suna fita wajen ƙafa 2,600 da ɗoriya, komai ya zauna, ina ta murna. Ashe saura kafaɗata. Bindigar kilo takwas ce kawai, ba zaka ƙara mata nauyi ba doka ta hana, to duk harbi sai ta daka tsalle ta murɗe gefe, gwafar ta goce a kan ciyawa, in na matse ta yau da ƙarfi gobe da sassauci sai harbin ya hau ya sauka. Zuwa harbi na goma sha biyar na fara ƙifta ido kafin in ja kunama, ni da kaina ina ji. Abin da na samu a wajen iska na mayar da shi a sama da ƙasa har da riba. Makina ya ragu, ba ƙaruwa yayi ba, wata uku a jere. Kuma ba laifin harsashin bane, manyan ƴan wasan da shi suke cin gasa ina gani da idona, su sun iya riƙe ta iri ɗaya sau ashirin, ni ban kai nan ba tukuna.

Dattijon nan ne dai ya miƙo min guda hamsin na giren 185, wanda ake kira Juggernaut, yace in gwada kafin in sake sayen wani abu. Yana tsakiya, bai kai 200 yanka iska ba amma ya fi 155 nesa ba kusa ba, kuma bindigar tana komowa baya a miƙe har ina iya ganin allona ta madubi bayan harbi. Shi nake harbawa yanzu. Asabar ɗin da ta wuce iska tana kaɗawa daga hagu tana ɗaukewa, na fita zuwa da'irar maki huɗu sau uku, ukun duka na san tutar da na ƙi kallo.

Kwalayen 200 ɗin wani a kulob ya taya su da rahusa, nace a'a ya bari tukuna, in sanyi ya wuce zan cika guda ashirin in sake gwadawa a yadi 600.